YATSA MA HARSHE NE



Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halicci harshe ya tsare shi da haƙora da leɓɓa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da iyalan gidansa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu bibiyar wannan shafi, abin da ya sa na yi wannan rubutu wani matashi ne. A makon jiya, bayan karatun da muke yi tsakanin Magariba da Isha'i a nan Birnin Kebbi, ya tsaya sai da jama'a suka watse, sannan ya matso ya durƙusa. Ya gama difloma shekara huɗu ke nan, aiki bai samu ba. Wani abokinsa ya shigar da shi guruf ɗin WhatsApp na wani ɗan siyasa. Duk wata ana tura masa kuɗin data da ɗan abin sa wa aljihu. Aikin shi ne kullum da safe a turo musu rubutu da hoto su yaɗa a Facebook, kuma duk wanda ya soki maigidan su taru a kansa.

Ya ce da ni: "Malam, kuɗɗin ga halal ne? Wallahi da su nike sai ma tsohuwata magani."

Kafin in ba shi amsa sai ya ƙara da abin da ya hana shi barci. An turo musu rubutu cewa wani dattijo ya karkatar da takin manoma, shi kuwa ya wallafa da hoton mutumin. Daga baya ya tabbatar ƙarya ce. Dattijon kuma aminin mahaifinsa ne, yana cikin waɗanda suka sa mahaifin nasa a kabari. Ya goge rubutun, amma an riga an ɗauki hotonsa, yana ta yawo. Ya ce: "Malam, ba ni na rubuta ba, turo man aka yi, ni kau na tura."

Na nemi izininsa in kawo maganar nan ba tare da suna ba, domin na san ba shi kaɗai ba ne.

HUKUNCIN YATSA HUKUNCIN HARSHE NE

Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001. An buɗe Facebook a 2004, WhatsApp a 2009. Yau ga ta a aljihun mai kabu-kabu, ga ta a hannun uwargida a madafa, ga ta a gefen matashin kai. Malaman fiƙihu tun da can sun zaunar da ƙa'ida cewa rubutu yana ɗaukar hukuncin furuci. Saboda haka abin da ya haramta ka faɗa da baki, ya haramta ka rubuta, ya haramta ka tura. A cikin Suratu Ƙaf, aya ta 18, Allah ya sanar da mu cewa akwai mai tsaro da ke halarce a kan kowace kalma da mutum zai furta. Mala'ikun nan ba su ajiye alƙalami don ka koma amfani da yatsa ba, kuma sunan bogi da ka sa a shafinka bai ɓoye musu kai ba.

Bahaushe ya ce magana zarar bunu ce. To, maganar baki ma ke nan, wadda mutum goma suka ji a majalisa. Ina ga wadda ka rubuta a Badariya da hantsi, kafin Azahar an karanta ta a Argungu da Yawuri da Zuru, kafin La'asar ta kai Yamai da Jidda?

Akwai hadisin Samuratu ɗan Jundubi a cikin Sahihul Bukhari, na dogon mafarkin da Annabi (SAW) ya ba sahabbai labari. A ciki ya ga wani mutum kwance, ana tsaga gefen bakinsa da hancinsa da idonsa da ƙugiyar ƙarfe har zuwa ƙeya, in an koma ɗaya gefen sai na farko ya warke, a sake dawowa. Da aka yi masa bayani, sai aka ce mutum ne da yake fita daga gida da safe ya yi ƙaryar da za ta kai ko'ina a duniya. A da, mai karanta hadisin nan yakan yi mamakin yadda ƙaryar mutum ɗaya za ta game duniya. Yau ba sai ka fita daga gida ba ma.

Shi kuwa mai cewa "turo man aka yi", ya koma Suratun Nur ya karanta ƙissar ƙazafin da aka yi wa Uwar Muminai Nana A'isha (RA) bayan yaƙin Banul Musɗaliƙ. Wanda ya ƙulla maganar shugaban munafukai ne, Abdullahi ɗan Ubayyu. Amma waɗanda suka ɗauke ta suka yawata da ita akwai Musulmi na ƙwarai a cikinsu, har da Misɗahu, wanda ya halarci Badar, kuma Sayyidina Abubakar ne yake ciyar da shi. Ba su suka ƙirƙira ba, ji suka yi suka faɗa. Wata guda Madina tana cikin damuwa, gidan Annabi (SAW) yana cikin baƙin ciki. Da ayoyi suka sauka, sai Allah ya zargi masu karɓar maganar daga harshe zuwa harshe ba tare da sani ba, suna ɗaukarta ƙaramin abu alhali babba ce a wurinsa. Imamu Muslim kuma ya kawo a gabatarwar Sahihinsa cewa faɗin duk abin da mutum ya ji ya ishe shi zama maƙaryaci. Mai turawa abokin tarayyar mai ƙirƙira ne.

WAYA A MATSAYIN SANA'A

Kada wani ya fahimci cewa ina kiran a jefar da waya. Ni ma da ita nake yi muku wannan rubutu. Alherinta a fili yake. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa bashi a nan Birnin Kebbi a Nuwambar 2015, aka fito da Lake Rice a 2016, aka buɗe kamfanin WACOT a Argungu a 2017, sunan Kebbi ya haɗu da shinkafa a bakin 'yan Najeriya. Akwai matasan da suke ɗaukar hoton buhu su sa a sitatus, mai saye ya kira daga Ibadan ko Abuja, a ɗora a mota, alat ya shigo. Haka albasar Aliero, haka busasshen kifin Yawuri da Argungu. Akwai matan aure da suke sayar da atamfa da turaren wuta da abincin biki suna cikin ɗakunansu, ba su fita ba, ba su yi roƙo ba. Akwai tela da ya koyi sabon ɗinki a YouTube. Duk wannan halal ne, in niyya ta gyaru ma lada ne.

Amma kasuwar waya tana ƙarƙashin shari'ar da ta hau kan Babbar Kasuwar Birnin Kebbi. Zan ja hankali a kan abu uku.

Na farko, algus. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya sa hannu cikin tarin hatsin wani mai sayarwa ya ji danshi a ƙasa, ya tuhume shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, kuma ya barranta daga mai yin algus. Hoton da aka ƙara wa haske, atamfar da launinta a waya daban a hannu daban, buhun da aka ce cikakke ne alhali an rage kwano biyu, duk jiƙaƙƙen hatsi ne a ƙasan tari. Haka sa abokai su rubuta yabon kayan da ba su taɓa saya ba. Wannan ɗan'uwan najashi ne da Annabi (SAW) ya hana, wato zuga farashi don a ruɗi mai saye.

Na biyu, sayar da abin da ba ka da shi. Annabi (SAW) ya hana Hakimu ɗan Hizami hakan. Mutum ya kwafi hoton kayan wani a Kantin Kwari, ya karɓi kuɗin mutane a matsayin shi ne mai kaya, in ya je ya tarar sun ƙare sai a shiga kwana-kwana. Mafita mai sauƙi ce: ka faɗa a fili cewa kai dillali ne, ga la'adarka, ko kuma ka mallaki kayan kafin ka sayar.

Na uku, kwaɗayin kuɗin da ba a yi wa gumi ba. MMM ta rufe asusun mutane a Disambar 2016, aka yi kuka. A Afrilun 2025 CBEX ta rufta da dukiyar jama'a, aka sake yin kuka. Duka ta waya suka shigo, kuma mafi yawan waɗanda suka shiga ɗan'uwa ne ko aboki ya jawo su. Ku tambayi masuntan Argungu: kifi yana ganin tana, ba ya ganin ƙugiya. Duk wanda ya ce ka kawo dubu ɗari ka karɓi dubu ɗari biyu a wata ɗaya, ba ka ga gona ba, ba ka ga shago ba, to kai ne kifin.

Ku kuma ɗalibanmu na Waziri Umaru da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da Kwalejin Adamu Augie ta Argungu, ku sani shafinku shaida ne a kanku tun a duniya. Tun 2019 Amurka take neman mai son biza ya rubuta sunayen shafukan da ya yi amfani da su cikin shekara biyar. Mai ɗaukar aiki yana dubawa, iyayen yarinyar da kake nema ma suna dubawa. In bincike irin na mutane ya kai nan, ina ga ranar da za a ba kowa littafinsa a hannu?

SIYASA DA SOJOJIN BAKA

Mu tuna zaɓen gwamna na 2023. An kaɗa ƙuri'a ranar 18 ga Maris, INEC ta ce bai kammala ba, sai ranar 15 ga Afrilu aka ƙarasa, aka bayyana Dokta Nasir Idris a matsayin wanda ya ci. Mafi yawan kwanakin da ke tsakani sun faɗo cikin Ramadan. Duk mai waya ya ga abin da aka riƙa rubutawa daga kowane ɓangare. Mutum yana azumi, bakinsa ya bushe, amma yatsansa yana cin naman ɗan'uwansa. Alhali Bukhari ya ruwaito cewa Allah ba ya bukatar yunwa da ƙishirwar wanda bai bar ƙarya da aiki da ita ba. Ni ba ɗan kowace jam'iyya ba ne a wannan magana, kuma babu ɓangaren da zan wanke.

Tallata ɗan takara da abin da yake gaskiya ba laifi ba ne, kuma karɓar lada a kan wannan aiki halal ne, kamar kowace ƙwadago. Wanda ya ɗauki hoton rijiyar da aka gina ya ce ga ta, bai yi laifi ba. Amma kuɗin da aka biya ka don ka yi ƙazafi, ka zagi iyayen wani, ka ƙirƙiri takardar bogi, ko ka kare abin da ka san zalunci ne, wannan kuɗi haram ne, ko da sunansa kuɗin data.

Kuma ka yi lissafi, ɗan'uwa. Manyan nan da kuke zagin juna a kansu, sau nawa muka gan su sun sauya sheƙa, sun haɗu a ɗaurin aure suna dariya, har sun haɗa 'ya'yansu aure? Su sun shirya. Kai kuma an bar ka da maƙwabcin da ba ku gaisawa, da kawun da ka ci wa mutunci, da rubutun da ke ɗauke da sunanka. In an tashi kamu, ba maigidan ake kamawa ba. Dokar laifukan intanet ta 2015 tana nan, an yi mata gyara a 2024. A Nuwambar 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu bulala da tara saboda bidiyon TikTok a kan gwamnan jihar na lokacin. Wannan na duniya ke nan. Na lahira kuwa shi ne hadisin matsiyaci da Muslim ya ruwaito: mutum ya zo da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya yi wa wancan ƙazafi, sai a yi ta ɗibar ladansa ana biyansu, in ya ƙare a ɗebo zunubansu a jibga masa.

Wannan ba yana nufin a yi shiru a kan shugabanni ba. In asibiti babu magani, in makaranta babu rufi, in hanya ta lalace, in takin manoma bai iso ba, faɗa da hujja nasiha ce, kuma waya ta sauƙaƙa wa talaka isar da kukansa. Mu nan ƙasar Gwandu muna da abin koyi. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, da ya ga son duniya ya fara shiga jama'a, ya nuna rashin yardarsa ƙarara, kuma da ya sauka Kano ya rubuta musu Diya'ul Hukkam don ya nuna yadda ake mulki bisa shari'a. Gyara ya yi da ilimi, sunansa a kan abin da ya rubuta. Annabi Musa da Annabi Haruna ma da aka aike su wurin Fir'auna, da tausasa magana aka umurce su, kamar yadda yake a Suratu Ɗaha. Shugabannin kuma su ji tsoron Allah: matashin da kuka ajiye yana yi muku zagi, da kuɗin nan kun koya masa sana'a da ya fi muku alheri duniya da lahira.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda siyasar waya take tono tsohon miki. Kusan shekara ɗari aka yi ana gwabzawa tsakanin Kabi da Gwandu da Sakkwato. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi, aka yi su don girmama shi. Daga nan bikin kamun kifi na Matan Fada ya samo asali, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2016. Bikin nan shaidar sulhu ne. Kakanninmu da suka ga jini da idonsu sun yafe wa juna, sun yi auratayya. Sai yau yaron da bai taɓa ganin kibiya ba ya zauna da datar naira ɗari biyar yana rubuta "ku Kabawa kaza, ku Fulani kaza". Wannan kiran jahiliyya ne, kuma Annabi (SAW) ya siffanta shi da wari, ya ce a bar shi.

GIDA DA UNGUWA

A Agustan 2014, lokacin Ebola, saƙo ya zaga cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane suka tashi iyalansu da asuba. Wasu sun kwanta asibiti, wasu sun rasa rayukansu. Waɗanda suka tura saƙon ba mugunta suka nufa ba, ƙauna ce babu bincike.

Labarin tsaro ya fi wannan haɗari. Mun ga tashin hankali a jihar nan, kamar ɗaliban da aka sace a Birnin Yawuri a Yunin 2021 da harin Mera a ƙaramar hukumar Augie a Nuwambar 2024. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kawo mana ƙarshen wannan musiba. A irin waɗannan ranaku zuciya a tsorace take, duk abin da ya shigo sai a tura. Amma Suratun Nisa'i, aya ta 83, ta zargi masu gaggawar watsa labarin aminci ko na tsoro maimakon su mayar da shi ga waɗanda za su iya tantancewa. Suratul Hujurat, aya ta 6, ta umurce mu da bincike don kada mu cuci mutane cikin jahilci mu dawo muna nadama. Saƙon murya ɗaya na "ga su nan sun shigo" yana iya sa kasuwa ta watse, mai ciki ta faɗi, ko a far wa baƙon da bai ji ba bai gani ba. In ka ji abu, ka kira mai unguwa ko jami'an tsaro kafin ka kira guruf.

Sannan hoton gawa da na waɗanda suka yi haɗari a hanyar Jega ko ta Argungu: wasu iyaye a sitatus suke fara ganin gawar ɗansu. Mamaci yana da alfarma. Haka mai raba sadaka yana haska fuskar marayu, da matar da ke kai sirrin mijinta guruf, da mijin da ke hira da matan mutane har ƙarfe biyun dare tasa matar tana kwance a gefe. Wanda ya buɗe ido da asuba ya fara da waya kafin azkar, ya tambayi kansa wa yake riƙe da wani.

Mu ma malamai ba mu tsira ba. Ana yanko minti ɗaya daga karatun awa biyu a ce malam wane ya halaka, almajirai su yi ta jifan juna, mu kuma muna jin daɗin yawan mabiya. Son a sani cuta ce, kuma ta fi saurin kama mai rawani. Ina fara yi wa kaina wannan nasiha kafin kowa.

ABIN DA NA FAƊA WA YARON

Na ce masa: ɗana, maganin mahaifiyarka wajibi ne a kanka, amma ba da naman aminin mahaifinka za ka saya ba. Gogewa kaɗai ba ta isa tuba ba, domin haƙƙin mutum ne. Ka je gidan dattijon nan da ƙafarka, ka faɗa masa abin da ka yi, ka nemi gafara. Ka koma shafin da ka yi ɓarnar, da sunanka, ka rubuta cewa abin da ka wallafa ƙarya ne, don gyara ya bi hanyar da ɓarna ta bi. Ka faɗa wa masu guruf cewa ba za ka ƙara yaɗa abin da ba ka tabbatar ba. In sun cire ka, arziki ba a hannunsu yake ba. Kai da ka iya tsara rubutu da haɗa hoto har dubban mutane su karanta, akwai 'yan kasuwar shinkafa da teloli da masu makarantu da ke neman wanda zai tallata musu kaya.

Na kuma tuna masa ƙarshen ƙissar Misɗahu. Sayyidina Abubakar ya rantse ba zai ƙara ciyar da shi ba, sai aya ta 22 ta Suratun Nur ta sauka tana kwaɗaitar da yafiya, ya mayar masa da abin da yake ba shi. Ƙofar tuba a buɗe take. Wanda aka zo wa neman afuwa kuma ya yi koyi da Abubakar.

Ya tashi bai ce komai ba sai "na gode, Malam". Ku sa shi a addu'a.

Mu kuma, kafin yatsa ya taɓa wurin turawa, kowa ya tambayi kansa: na tabbatar gaskiya ne? In gaskiya ne, yaɗa shi gyara zai kawo ko ɓarna? Zan iya faɗinsa a gaban mutumin ido da ido? Zan so in gan shi a littafina ranar Alƙiyama? In amsa ɗaya ta zama a'a, ka bar shi ya mutu a wayarka.

Ya Allah ka tsarkake harsunanmu da yatsunmu daga ƙarya da giba da annamimanci. Ka buɗe wa matasanmu ƙofofin halal, ka wadatar da su daga barin haram. Ka shiryi shugabanninmu, ka ba Jihar Kebbi da Najeriya zaman lafiya, ka jiƙan iyayenmu da malamanmu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki nawa ne, kuma ina neman gafararsa. Allah ne mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.